Na sayi takalmi mai tudu, ƴan fada sun sa mini suna Hajiya

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Tawa ne, shekarata 27, ina gyaran salula a Yamai. Tsawona mita 1 da santimita 60, tun ina lekol ake kirana guntu. Kwanakin baya na ga wani but na fata a wajen masu gwanjo a kasuwar Katako, baƙi, dunduniyarsa ta kai santi 6. Ya shiga raina. Sai da na wuce shi sau uku kafin na taya, kuma na ce wa mai kayan ƙanena zan saya wa, ko gwadawa ban yi ba. Na biya jika tara. Ranar da na sa shi na je fada, tun daga nesa suka ji ƙwas-ƙwas, wani ya ce a ba Hajiya kujera, wani kuma ya kira ni ɗan daudu. Na yi dariyar yaƙe na koma gida, yau wata biyu takalmin yana ƙarƙashin gado. Ga shi ina neman aure, yarinyar ta ɗan fi ni tsawo, bayan Sallah za mu je gaida iyayenta, kuma ina so in sa shi ranar. A TikTok ina ganin maza a Turai da masu tsini sosai suna tafiyarsu ba ruwansu da kowa, har nakan ji sha'awar in gwada. Baba, haramun ne? Yaya zan yi in shiga kasuwa in saya, in sa, in fita, gabana bai faɗi ba?

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta takardarka sau biyu, karon farko ina dariya. Ka yi haƙuri, ba kai nake wa ba, kaina nake wa.

A 1975, shekarar da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garinku Tawa, ina saurayi ɗan shekara 19, ji nake ba wanda ya kai ni. Yayana ya dawo daga cirani a Abijan ya kawo mini tsaraba: wando mai faɗin baki da ke share ƙasa in kana tafiya, da takalmi ruwan ƙasa mai tudu gaba da baya, tudun ya kai faɗin yatsu huɗu. Kada ka ɗauka ni kaɗai ne. A wancan zamani duk saurayin da ke ji da kansa, daga Yamai har Legas, haka yake tafe. In ka zazzage akwatin tsoffin hotuna na gidanku, ba mamaki ka tarar da wani kawunka da yau ake kira Alhaji yana tsaye gaban labulen mai hoto, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera don takalmin ya fito sosai. Na sa nawa na tafi kallon kokowa. Fili rairayi ne, jama'a maƙil, ana ture-ture. Aka yi kaye, mutane suka zabura gaba ɗaya, ƙafata ta dama ta nutse ta gurɗe, sai ga ni ƙasa warwas. Wani tsoho da ke gefe ya dube ni ya ce, "To, ga kaye na biyu, takalmi ya kada mai shi." Sati uku ina ɗingishi, mai ɗori yana murza mini idon sawu ina kiran sunan uwata.

An yi mini dariya ranar har da riƙe ciki, amma ko mutum ɗaya bai kira ni Hajiya ba, don a lokacin kowa ya san takalmin maza ne. Zamani riga ne. Abin da aka sa maka suna a kansa a fada, iyayen masu sa maka sunan da shi suka yi zance.

In aka bi asali ma, maza ne suka fara sa dunduniya a takalmi, kuma ba don ado ba. Mahayan dawakin Farisa, Iran ta yau, su ne suka shahara da ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce, saboda tana maƙale likkafa, mahayi ya miƙe tsaye bisa doki a guje ya ɗana kibiya ƙafarsa ba ta zame ba. A 1599 sarkinsu Shah Abbas ya aika jakadu Turai yana neman abokan yaƙi da Turkawa, kuma a wannan tsakanin ne manyan Turai suka ɗauki yayin, don su ma a gan su da kamar jarumai. Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda ya yi shekara 72 a kan gado, daga 1643 zuwa 1715, jar dunduniya yake sawa, har ta zama alamar ƴan fadarsa. Akwai babban zanensa na 1701 a gidan tarihin Luvur da ke Paris, yana tsaye da takobi a ƙugu, ga jar dunduniya ta fito fili. Matan Turai daga baya suka kwaikwayi mazansu, su kuma mazan suka yi ta ja da baya har suka bar musu. A 2015 gidan tarihin takalma na Bata da ke Toronto a Kanada ya yi baje koli sukutum a kan wannan labari. Makiyayan shanun Amurka har gobe but mai dunduniya suke hawa doki da shi, ba wanda ya taɓa ba su kujerar Hajiya. Mu kuwa, a ganina, abin bai kama mu ba ne don ba mu da bukatarsa: likkafar da kake gani a hawan Sallah a Damagaram mai faɗi ce, tafin ƙafa duka ke zama a cikinta, Buzu kuma tuɓe takalmi yake ya ɗora ƙafa a wuyan raƙumi.

Na kawo maka wannan don hankalinka ya kwanta, ba don ka je fada ka karanta musu tarihin Luwi na 14 ba. In ka yi haka wani sabon sunan za ka samu.

Batun haramci, ni ba malami ba ne, ka je wurin limamin unguwarku ka nuna masa takalmin da kansa, kada ka siffanta masa da baki, don "takalmi mai tudu" a kunne daban, a ido daban. Amma ga abin da na ji a gaban malamai. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari a fili yake: Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ba wanda ke ja da wannan. Inda tambayar take shi ne, me ake kira kayan mata, me ake kira kayan maza? A mafi yawan sutura al'adar gari ce ke yanke wannan. Kai ɗan Tawa ne, ka san Buzaye, namiji ne ke rufe fuska, mace ta bar tata a buɗe. A Yaman da Indunusiya liman kan ɗaura zane ya ba da salla. A nan dattijo yakan ranbaɗa kwalli ranar Juma'a ba mai cewa uffan. Saboda haka but na fata da aka ɗinka a ƙirar maza, mai dunduniya mai kauri, wanda sojoji da mahaya da masu babur ke sa irinsa, ban ga ta inda ya zama kayan mata ba. Son takalmi mai kyau kuwa an tambayi Annabi (SAW) a kansa kai tsaye. A cikin Muslim, da ya ce mai girman kai daidai da ƙwayar zarra ba zai shiga Aljanna ba, sai wani ya ce, mutum fa yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Ka san wanda ya ruwaito wannan hadisin? Abdullahi bin Mas'ud, mutumin da ke riƙe wa Annabi (SAW) takalmansa. Gajere ne, siriri. Wata rana ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta kaɗa shi, sahabbai suka ga sirantakar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi (SAW) ya ce musu ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Duk ranar da wani ya ce maka guntu, ka tuna da shi.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Na lura da abu biyu a takardarka da kai ka haɗa su wuri ɗaya. Ka ce takalmin ya shiga ranka, ka wuce shi sau uku. Wannan so ne, na san shi, haka nake tsayawa gaban agogo a Babbar Kasuwa ko ba ni da niyyar saye. Sannan ka ce yarinyar ta fi ka tsawo, kana so ka sa shi ranar gaisuwar surukai. Wannan ba so ba ne, ɓuya ce. Kuma a ƙasar Hausa ba a iya ɓuya a cikin takalmi, don mu mutane ne masu tuɓe shi a ƙofa. Bature yakan sa takalminsa da safe bai cire ba sai zai kwanta, da shi zai shiga coci, da shi zai zauna a falon surukinsa. Kai fa? Sau biyar a rana za ka tuɓe ka yi alwala, ka shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka gan ka a waje ɗazu. Za ka tuɓe a ƙofar ɗakin mahaifiyarka, ka tuɓe in za ka hau tabarma, ka tuɓe a wurin gaisuwar mutuwa. Santi shidan nan a bakin ƙofa za su riƙa kwana suna jiranka, tare da silifan yara. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mutumin da ya sa shi don yana sonsa, in ya tuɓe ba abin da ya ragu a jikinsa, takalmi kawai ya cire. Wanda ya sa shi don kada a gane tsawonsa, kowace ƙofa tonon asiri ce gare shi. Faɗuwar gaban da kake tambayata maganinta daga nan take fitowa, ba daga tsawon dunduniya ba. Tun a Katako ta fara, lokacin da ka ce ƙanenka za ka saya wa. Ka yi wa mai gwanjo ƙarya a kan abin da ba laifi ba ne, daga nan ka ɗauki abin a matsayin abin kunya, ka tafi da shi fada a haka, su kuma suka karanta a fuskarka kafin su kalli ƙafarka.

To ka koma kasuwa ka gyara. Mai gwanjo ba alƙali ba ne, ɗinkin duniya ba wanda bai buɗe a dila ba, damuwarsa kada ka taya ya ce albarka ka wuce. Ka ce, "Malam, akwai lamba 41 na wannan? Ni zan sa." Ka zauna a bencinsa ka gwada duka ƙafa biyu, don da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai wa daida, kuma babbar ake bi. Ka je bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, da irin safar da za ka riƙa sawa. A gaban babban yatsa a samu sarari kamar faɗin yatsan hannu, don tudun baya gaba yake tura ƙafa, in gaban ya matse kafin magariba za ka tsani kanka. Ka ajiye takalmin a kan tebur ka taɓa shi da yatsa, in ya yi rawa ka bar shi. Ka murɗa dunduniyar da hannu ka ji ko da ƙusa aka kafa ta ko gam ne kawai, don kayan gwanjo sun sha ajiya, zafin Yamai kuma ba ya raga wa tsohon gam. Na taɓa ganin wani ango a unguwar Plateau yana tafe da dunduniya ɗaya a ƙafa, ɗaya a aljihun babbar riga.

Da ni ne kai, da santi 3 ko 4 zan fara. Takalmin ofis na maza ma yana da kusan santi 2 zuwa 3 ba wanda ke kula, ka ga ƙari kaɗan ne, ido ba zai yi tsalle ba, ƙafa kuma ta saba. In ba ka samu a gwanjo ba, ka je wurin dukawa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko waɗanda ke cikin gidan tarihi na Bubu Hama, ka nemi wanda ke ɗinka rufaffen takalmi, ya zana ƙafarka a kwali, ku yi magana a kan tudun da kake so. Abin da ban ba ka shawara ba shi ne ka kai takalmi shimfiɗaɗɗe a liƙa masa tudu, ko ka sa a datse rabin na wanda ka saya. Kowane takalmi an gina shi ne a kan tsayin da aka nufa, a tsakiyar tafin mai tudu galibi akwai wani siririn ƙarfe da aka lanƙwasa daidai wannan tsayin, in aka sauya da yawa tsayuwarsa ta lalace. Amma ka kai naka wurin mai gyara ya sa masa roba a ƙasan dunduniya. Kuɗi kaɗan ne, kuma rabin abin da ya same ka a fada ƙarar nan ce ta jawo shi. Kunnenmu ya riga ya haɗa ƙwas-ƙwas da amarya.

Tafiya da shi sai an koya, kamar keke. Ka sa shi a tsakar gida awa ɗaya yau, biyu gobe. Ka rage faɗin taku, dunduniya ta fara sauka, ka daina kallon ƙasa. Mai kallon ƙafarsa gayyatar mutane yake su kalla tare da shi. Ka san inda za ka sa shi: kwalta, daɓen siminti, ofis, wurin biki. Rairayin lungunan Yamai da taɓon damina ba nasa ba ne, ka tambayi idon sawuna. A kan babur ba laifi, dunduniya mai kauri takan maƙale wurin ɗora ƙafa kamar likkafa, sai dai ka gwada giya da birki a lungu tukuna kafin ka hau titi. Kada kuma ya zama na kullum. Tudu yana mai da nauyin jiki kan gaban ƙafa, kuma wani bincike da aka buga a 2010 daga wata jami'a a Manchester ta Ingila ya gano cewa matan da suka yi shekaru suna sa mai santi 5 ko fiye kusan kowace rana, zaren tsokar sha-raɓarsu ya gajarce da kashi 13 cikin 100, jijiyar agara kuma ta yi kauri ta yi tauri, shi ya sa wasunsu ke jin ciwo in sun taka ƙasa ba takalmi. Ƙafar namiji ba da ƙarfe aka yi ta ba. Kai da kake yini a shago, ka ajiye silifa ƙarƙashin tebur. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, but na fata tanda ce. Safar auduga, kuma ka goge tsakanin yatsu bayan alwala kafin ka mayar.

Ƴan fada kuma, ka raba maganarsu biyu. "A ba Hajiya kujera" wasa ne, irin wanda mu da muka tashi cikin barkwancin taubasai muka saba, kuma ba a maganinsa da fushi ko gudu. Da ka ja kujerar ka zauna ka miƙe ƙafa ka ce, "Santi shida ne, ku duba da kyau. Kai Allah ya ba ka naka kyauta, ni jika tara na biya," da kafin a sauke shayi na biyu an koma gardamar ƙwallo. Abin da ka faɗa da bakinka ba mai iya tona maka shi. Ka koma da shi, ka koma kuma, har sau uku ko huɗu. Fada ba ta iya dariya a kan abu ɗaya fiye da sati, sai dai in ta ga yana yi wa mai shi zafi. Kada ka yi mamaki in wanda ya fi kowa baki ya ja ka gefe wata rana ya tambaye ka wace rumfa ce a Katako.

Ɗaya kalmar ba wasa ba ce, wanda ya faɗe ta ya san nauyinta a garin nan. Shi ba a cikin taro za ka amsa masa ba. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Wane, wasa wasa ne, amma wannan sunan ban yarda da shi ba." Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, shi ma ya sani. In ya daina shi ke nan, in ya ƙi, fada ba ita kaɗai ba ce a Yamai. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka wanke kanka da zagin mutanen da aka jingina ka da su. Na ga samari da yawa suna yin haka, wanda aka tsokana jiya shi ne ya fi kowa jifa yau. Su ma ƴaƴan wasu ne, kuma ba su suka yi maka dariya ba.

Mai tsini irin na TikTok kuwa, ba zan ce ka yi ba. A al'adar garin nan kowa ya san shi da kayan mata, daga malami har yaron da ke tallan ruwa, saboda haka a nan maganar hadisin can ta hau kansa, kuma titi ba zai bar ka ba. Wanda ka gani a waya daƙiƙa 15 ya yi yana tafiya a kan daɓe mai santsi, a birnin da ba wanda ya san ubansa, ka kuma ga abin da ya zaɓa ya nuna maka ne kawai. Kai kana da shago, kana da masu kawo maka gyara, kana da maigidan haya, kuma labari zai isa kunnen mahaifiyarka a Tawa kafin motar safe ta isa. Masu cewa ka yi abin da ranka ke so ba ruwanka da kowa ba su ne za su biya maka haya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau takalmi mai santi 12 ba zai hango shi ba. In sha'awar ta gwaji ce kawai, za ta wuce. In kuwa ka ji ta fi haka zurfi, tana damunka, wannan wata magana ce daban, ka sake rubuto mini, ba zan yi maka dariya ba, ba kuma zan buga ba.

Saura yarinyar. Ɗana, ta san tsawonka. Ta gan ka da silifa a ƙofar gidansu, ta tsaya kusa da kai, ta auna da ido tun ranar farko, mata ba sa kuskuren wannan lissafin, kuma duk da haka ta ce ka turo. Ka nuna mata takalmin, ka ba ta labarin Hajiya da kujera. In ta yi dariya ta ce ya yi maka kyau, ka samu abokiyar shawara. In ta ce ba ta so, gara ka ji yanzu. Batun hoton biki ma ku yi shi tun da wuri, don ita ma wataƙila tana can tana tunanin ko ta haƙura da nata mai tsinin saboda kai, kowa na jin nauyin kowa. Masu hoto sun san dabarar matakala da kujera tun kafin a haife ku.

Ranar gaisuwar surukai ka bar but ɗin a gida. Ba don laifi ba, don ba shi da aikin yi a can. Tun a ƙofar zaure za ka tuɓe, ka shiga a sunkuye, ka durƙusa, ka zauna a gefen tabarma kanka a ƙasa, kawunnanka na magana kai kana amin. Dogo da gajere duk tsawonsu ɗaya a wannan zaman. Sannan ka hango kanka a ƙofa kana kokowa da zif, ƙafa ɗaya a sama, ƙannen amarya sun yi layi suna leƙe. Ka sa balka mai kyau ko sau-ciki da za ka zare da ƙafa ɗaya, ka yanke farce, ka goge kaushi ka shafa mai tun daren jiya. In kuma da safa za ka je, ka ɗaga ta a hasken rana ka duba wajen babban yatsa, don surukata, Allah ya jiƙanta, shekara talatin ta yi tana ba jikokinta labarin hujin da ta gani a tawa.